Dan Allah a daina dukan bindigogin kakanninmu da ƙusa da guduma

Malam Edita, Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina fata kuna lafiya, ya aiki ya jama'a, Allah ya ƙara wa wannan jarida tamu albarka. Ni dai ba marubuci bane, fita ne ni, wato makanike, shekara ashirin da biyu kenan ina Suame Magazine, wato Magazin, unguwar masu gyaran mota nan Kumasi, ina fama da injin mota, to idan kaga rubutun ya karkace kayi haƙuri ka miƙe shi, hannun da ya saba da sifana ba lallai ya iya riƙon biro ba. Abinda ya tayar min da wannan magana shi ne satin da ya wuce wani yaro ɗan Zangonmu ya shigo shagon maƙwabcina mai walda da kan wata tsohuwar bindiga mai baki biyu, wato akwatin ƙarfen da ke tsakanin bututu da katako, a cikin leda, wai ta kakansa ce, wani fil, wato ɗan siririn ƙarfen da ke riƙe kayan cikinta, ya ƙi fita yana so a sa masa wutar gas, kafin in tsallako in ce a dakata har an kunna wuta an ɗora, ƙarfen nan ya koma shuɗi kamar bakin salansa. Fil ɗin ya fita kam, amma bindigar ta mutu a wurin, kuma yaron ya tafi yana murna yana godiya. Wallahi ranar ko abincin rana ban iya ci ba, saboda nima kaɗan ya rage in yi wa tamu irin wannan aika-aika shekara biyu da suka wuce.

Kafin wani ya fassara ni ba daidai ba, bari in faɗa tun yanzu. Ba maganar ƙera bindiga nake ba, ba kuma maganar bindigar da ba ta da takarda ba. Dokar makamai ta ƙasar nan, wadda ake kira NRCD 9 ta 1972, tana nan daram, akwai kuma hukumar kula da ƙananan makamai da aka kafa da doka mai lamba 736 a 2007. Lasisi da sunan mutum ake bayarwa, duk shekara ake sabuntawa a wurin 'yan sanda, kuma ba ya shiga rabon gado kamar tabarma ko buta. Wanda mahaifinsa ya rasu ya bar bindiga, ofishin 'yan sanda zai fara zuwa kafin ya nemi sukundireba. Ni ma haka nayi, sai da nayi ta zirga-zirga har sunana ya hau takarda sannan na taɓa ta.

Tamu ta kakana ce, Allah ya jiƙansa. Ɗan kasuwar goro ne, daga baya ya yi gonar masara a wajen Ejura, a nan ne ya ga yana bukatar bindiga saboda gyazbi da birai da ke masa ɓarna. A wani kantin Turawa a Adum ya saye ta tun Ghana tana Gold Coast, kafin 'yancin kai na 1957. Bayansa ta koma hannun Baffana, shi kuma ba mafarauci bane, malamin makarantar allo ne, abinda ya sani kawai duk bayan Sallah ya zaro ta daga ƙarƙashin gado ya shafe ta da mai ya naɗe ta a tsohon zani ya mayar. Wane mai? Duk wanda ya samu. Man ja, man gyaɗa, man kaɗe, wani lokacin man keken ɗinkin Inna. Da kyakkyawar niyya yayi, Allah ya saka masa, amma man girki idan ya kwana shekara talatin a cikin ƙarfe ba mai bane kuma, ƙaro ne, daskarewa yake kamar fentin da aka manta a gwangwani. Ka haɗa da damshin Kumasi, garin da damina biyu ke sauka a shekara, kaga tsatsa ta samu gidan haya kyauta. Da ta zo hannuna kunamar baya ba ta tashi, hannun buɗewa na sama kuma sai ka sa ƙarfin babban yatsa biyu.

To ni da nake masta, yara shida a ƙarƙashina, na cire noti nawa da ya ci tsatsa a injin tirela, me zai gagare ni a ɗan wannan abu? Na ɗauko sukundireban shago na fara da na saman, ya zame sau ɗaya ya ja wani farin layi a kan zanen furannin da wani bawan Allah ya zauna ya sassaƙa da hannu kusan shekara ɗari da suka wuce. Ban daddara ba. Na koma gefe na ga kawunan fil guda uku a jere, na ce wannan ai bugawa ake ya fita ta ɗaya gefen kamar fil ɗin fistin, na samo ƙusa inci uku na gutsure bakinta na ɗora na dinga ƙwanƙwasawa da hama, ƙwas ƙwas ƙwas, wajen minti ashirin, ko motsi. Ƙusar ta lanƙwashe, kan fil ɗin ya baje. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, Malam Edita, ranar na gane ma'anarsa. Har na aika yaro ya jawo silindar gas sai Allah ya kawo Kawuna ya zo karɓar motarsa, ya ce kai ajiye, akwai wani tsoho a Tafo Zango da ya yi aikin gyaran bindigogin gwamnati har ya yi ritaya, kai masa kafin garin neman gira ka rasa ido.

Ba zan faɗi sunansa ba don bai ba ni izini ba, Baba muke ce masa. Na same shi a zaure bayan la'asar, na durƙusa na gaishe shi na kwance zanin. Ya daɗe yana kallon inda na daka bai ce komai ba, can ya ɗago ya ce, ɗana, sana'ar me kake? Na ce fita ne Baba, a Magazin. Ya ce ai na gani, ga sa hannunka nan. Kunya kamar ƙasa ta tsage.

Abin da ya fara yi ya ba ni mamaki, bai ko kalli fil ɗin ba. Ya karya ta ya leƙa bakunan biyu ya tabbatar babu harsashi, duk da na rantse masa babu, ya ce rantsuwa ba ta hana bindiga tashi. Ya cire katakon gaba, ya raba bututun da kai, ya juya ƙasan bututun ya goge da tsumma ya sa tabarau yana karanta wasu ƙananan tambura. Akwai kambi da BP, kambi da BV, kambi da NP, da lamba 12 a cikin ɗan murabba'i mai tsaye a kan kusurwa, sannan an buga 2½. Ya ce wannan 'yar Bamingam ce ta Ingila, waɗannan tamburan gidan gwajin bindigogi na garin ne wanda aka kafa tun 1813, kuma tunda an buga tsawon ɗakin harsashi amma babu tambarin BNP, to tsakanin 1925 da 1954 aka gwada ta. Kaga ya yi daidai da labarin kakana. Ya ce irin ginin kanta kuma shi ne na Anson da Deeley, mutum biyu da suka fito da shi a 1875 a kamfanin Westley Richards, duk kayan aikin suna ɓoye cikin akwatin ƙarfe ɗaya, babu kunamar waje, wato ƙarfen da ke bugun harsashi, irin ta bindigogin da. Da 'yar Beljiyam ce da ka ga ELG a cikin ɗan ƙwai, na garin Liyej. Dalilin wannan karatu, in ji shi, sai ka san gidan da abu ya fito kafin ka san yadda aka ɗaure shi, don ba duka ake kwance su hanya ɗaya ba. Baikal ta Rasha da ta cika hannun mafarautanmu yanzu, dogon noti ɗaya ne ke riƙe katakonta ta cikin gindi, ita kuwa ta Ingila daga sama da ƙasa aka kama ta.

Sai ya faɗa min maganar da har gobe in na tuna sai nayi dariyar kaina. Ya ce maƙeran bindiga na Ingila abin da mu muke kira noti ko sukuru, su fil suke ce masa a bakinsu. Wato ba duk abin da ake kira fil a jikin bindigar nan ne ake bugawa ba, da yawa masu zare ne, murɗawa ake. Ya juya kan bindigar zuwa ɗaya gefen, ya ɗauko allura ya fara tono a kan fil ɗin da na daka, baƙin datti yana fita kamar kwalli, sai ga tsaga siririya ta bayyana. Man Baffa ne ya cike ta ya daskare har ta yi sumul da jikin ƙarfen. Ashe minti ashirin ɗin nan noti nake duka ta ƙeya, ina neman in tsinke masa zare. Na biyun kuma fil ne na gaske mara zare, amma akwai wani ɗan mitsitsin noti da bai kai ƙwayar shinkafa ba yana danne shi daga ƙasa, sai an cire farantin ƙasa ake ganinsa. Ko da gudumar maƙera ka zo, in ba ka kwance wannan ɗan mitsitsin ba babu inda fil zai je, sai dai ka fasa wani abu.

Akwai kuma abu na uku da ke riƙe fil wanda ba tsatsa bane ba datti bane, sifirin ne. A cikin akwatin akwai sifirin biyu masu siffar baka a naɗe, ko in ce kamar hantsaki, masu ƙarfin gaske, su ke tura kunamun ciki, kuma kunamun a kan fil ɗin suke juyawa. In bindiga tana ɗane, duk ƙarfin sifirin yana kan fil. Baba ya ɗauko guntun katako mai tauri ya danna a fuskar kan bindigar daidai ramukan da allurar harbi ke fitowa, ya ja kunama ta sauka a kan katakon, don kar allurar ta bugi iska ta karye. Ko bayan an sauke, ya ce, da sauran ƙarfi a jiki, shi yasa in za a zare fil ana danne kunamar ana kuma rufe wurin da tsumma, in ba haka ba sifirin ya yi tsalle ya samu ido ko ya faɗa kwata, kuma babu shagon da za ka je ka ce a ba ka irinsa.

Daga nan sai cire katakon gindi, kuma ya ce wannan dole ne kafin mai ko zafi su kusanci ƙarfen. Katakon walnot ne, in ya sha mai a wuyansa yana yin baƙi ya yi laushi kamar rogon da ya kwana a ruwa, daga nan sai tsagewa. Namu ma ya riga ya sha na Baffa ya ƙoshi. A nan ne na ga yadda ake yin sukundireba. Tsagar notin bindigar Ingila siririya ce ƙwarai, ta shago kuma bakinta kamar gatari yake, mai kauri a sama siriri a ƙasa, to in ka murɗa sai ya hau sama ya zame ya ci leɓen tsagar. Baba yana da wajen guda goma sha biyar a cikin gwangwanin madara, kowanne ya wasa shi da kansa don wani noti, amma duk da haka bai samu wanda ya zauna daidai a babban notin da ke ƙarƙashin hannun buɗewa ba, sai ya ɗauki wani tsoho ya zauna da magagari da dutsen wasa kusan rabin awa, yana gwadawa yana komawa, har bakin ya zama gefe biyun a miƙe suke, kaurinsa ya cika tsagar, faɗinsa ya kai daga wannan baki zuwa wancan ba tare da ya taɓa jikin bindigar ba, ya sauka har ƙasa ya zauna ba ya girgiza. Rabin awa don noti ɗaya! Ni da a shago yaro in ya yi minti biyar a kan noti sai na yi masa tsawa.

Ya ɗaure kan a bais, wato abin matse ƙarfe, da fata a kowane gefe, ya zaunar da sukundireban ya ɗan doki ƙeyarsa da ƙaramar hama sau biyu uku don tsatsar cikin zaren ta farfashe, ya kwanta a kai da ƙirjinsa, ya fara murɗawa ta wajen ɗaurewa tukun, ɗan kaɗan kamar gashin ido, sannan ya dawo ta wajen kwancewa. Sai naji ƙas. Wannan dabarar mu ma muna yinta a mota, amma ban taɓa kawowa a raina zan yi ta a nan ba, saboda raina abin nayi.

Da katako ya fita ya ce to yanzu sai a ba ta ruwa ta sha. Ya sa kan a tsohuwar tukunya ya tafasa shi a ruwa, wallahi kamar mai dafa ganda, wani baƙin mai ya dinga tasowa sama. Zafin tafasasshen ruwa ba ya wuce digiri 100, ba ya taɓa ƙarfin sifirin, amma yana narkar da tsohon man girki. Ya tsame ya bar zafin jikinsa ya busar da shi, ya tsoma shi a gwangwanin kananzir ya rufe ya ce in dawo Juma'a mai zuwa. Na ce Baba sati guda? Ya ce shekara nawa ta yi tana kamawa? Na ce ta fi talatin. Ya ce to ka ba ta kwana bakwai ta saki, ka ci riba. Wasu suna haɗa man giyar mota otomatik da asiton rabi da rabi, wanda mata ke goge jan farce da shi, yana shiga lungu sosai, ni na gwada a shago yana aiki paa, amma Baba kananzir ɗinsa ya sani. Duk safiya yana tsamo shi ya ɗan ƙwanƙwasa gefen da ƙotar hama ya mayar. Kuma in mutum ya duba, ina ma saurin? Daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an rufe farauta a ƙasar nan in banda gyazbi, shi ma da takarda, wata huɗu cur bindiga na zaune, lokacin gyara kenan, ba daren da za a shiga daji ba.

Da na koma, mai zaren nan ya kusa ba mu wahala saboda ɓarnar da nayi. Bakin da na baje ya yi leɓe ya fi ramin faɗi, ko ya kwance ba zai wuce ba. Baba ya ɗauki ɗan ƙaramin bakin diril ya riƙe da yatsu, ba da inji ba, yana murzawa a hankali yana cin leɓen kawai har ya tafi. Sannan zafi. Ba gas ba, ayan ɗin narka dalma na masu gyaran rediyo ya sa a wuta ya ɗora bakinsa a kan notin shi kaɗai na ɗan lokaci, ya ɗiga kananzir ya bari ya huce, ya sake, sau uku. Ƙarfe na buɗewa da zafi ya tsuke da sanyi, wannan motsin da ido ba ya gani shi ke karya riƙon tsatsa. Gas kuwa ba ya zaɓe, yana kashe sifirin ya mai da shi kamar waya, ya cinye taurin fatar ƙarfen da launinta, in kuma a bututu ne abin ya fi muni don dogayen ƙarafan da ke tsakanin bakunan biyu sama da ƙasa da dalma da kuza aka liƙa su, wannan haɗin kuwa tun wajen digiri 183 yake fara narkewa, wutar gas ta ninka haka sau da yawa. Abin da aka yi wa bindigar yaron can kenan.

Notin bai ji ayan kaɗai ba, sai da muka dangana da shagona, a nan ne nima na ɗan yi amfani. Muka cire filogin injin diril na tsaye daga wuta, muka ɗaure guntun bakin sukundireba a bakinsa, muka ɗaure kan bindigar a ƙasa ya zauna daram, ni na danne hannun injin don bakin kar ya hau sama, Baba kuma ya kama kan injin da hannu yana juyawa. Ya saki. Yarana har tafi suka yi. Wanda ba shi da inji, abin da ake nema dai shi ne nauyi daga sama a miƙe, mutum ɗaya ya danne ɗaya ya juya.

Fil mara zaren kuma ga yadda aka yi da shi. Bayan an cire ɗan mitsitsin da ke danne shi, Baba ya karɓi baniyata, abin da nake auna kaurin ƙarfe da shi, ya auna kan fil ɗin ta hagu da ta dama, don wasu ana yinsu da ɗan tsini, gefe ɗaya ya fi kauri, in ka buga ta gefen mai kauri ƙara cusa shi kake. Mutane na cewa wai kullum daga hagu ake bugawa ya fita dama, ya ce sau da yawa haka ne amma kar ka rantse a kai, aikin hannu ne, kowane maƙeri da halinsa, awo ne shaida. Namu ya zo daidai ta ko'ina. Ya kwantar da kan a kan guntun katakon odum da ya huda wa rami daidai inda fil zai faɗa, a kan kututture, ba a kan tebur mai rawa ba don tebur shanye bugun yake. Fancin, wato ƙarfen da ake ɗorawa a kan fil a buga, da ya fara da shi gajere ne ƙwarai, bakinsa bai fi tsawon ƙwayar masara ba, kaurinsa ya ɗan gaza na fil ɗin kaɗan, saboda dogon fanci siriri lanƙwashewa yake ko ya karye kafin ya isar da ƙarfi. Ya ce na tagulla yana da kyau don ba ya tabo, amma a kan fil da ya kafe shi ne zai baje, sai dai na ƙarfe a riƙe shi a miƙe. Ya saita, ya yi bisimilla, bugu ɗaya mai nauyi. Ɗaya tak. Fil ya nutse kamar kaurin farce. Sai a lokacin ya ɗauko dogon ya raka shi a hankali har ya faɗa ramin. Ƙananan bugu ɗari irin nawa, in ji shi, ribit kake yi, haka ake baje kan ƙarfe da gangan in ana so ya zauna har abada.

Duk abin da ya fito sai ya soke shi a jikin kwalin sabulu da ya zana hoton bindigar a kai, na hagu a hagu na dama a dama, don ko sun yi kama ba sa musanya, kowanne da hannu aka goge shi ya dace da wurinsa. Notin ma in ka lura tsagoginsu duk a miƙe suke suna kallon tsawon bindigar in an ɗaure, in ka musanya biyu sai kaga ɗaya ya tsaya a karkace. Ni kuma ina ta ɗauka da waya.

Fil ɗaya ne ya hana ni ko kallo, babban nan na gaba wanda bututun ke juyawa a kai in an karya bindiga. Da ma ina da niyyar in fitar da shi in wanke. Ya ce wannan ba a cire shi don wanki, shi ke riƙe bututu ya manne da fuskar kai, in ka taɓa shi bindiga ta fara girgiza to ka buɗe aikin da sai ƙwararre. Ya nuna min yadda ake dubawa, a haɗa bututu da kai ba tare da katakon gaba ba a girgiza a ji ko akwai motsi, a ɗaga wa haske a ga ko yana ratsawa ta mahaɗar. Ya kuma rataye bututun a yatsa ya ɗan ƙwanƙwasa, ya yi ƙara kamar ƙararrawar makaranta, ya ce liƙin yana nan lafiya, da ya saki da ka ji shi kamar fasasshen kwano.

Ciwon kunamar baya ashe ba komai bane, babu abin da ya karye, ƙaron mai ne ya riƙe ɗan ƙarfen da ke kama ta. Da na bi ta gas da na kashe lafiyayyar bindiga saboda datti. Asarar da aka yi duk tawa ce, farin layin nan a kan zane yana nan ba zai gogu ba, notin da na daka kuma zarensa ya ji rauni dole aka yi sabo, kuma zaren tsofaffin bindigogin Ingila ba irin na milimita bane da muke da shi a kasuwa, sai da wani abokina mai injin tanin, wato injin sassaƙa ƙarfe, ya ɓata yini guda yana gwada yankawa, na uku ne ya shiga. Shi yasa nake roƙon 'yan uwana na Magazin, huda fil da diril shi ne mataki na ƙarshe bayan komai ya gaza, kuma ba da diril na hannu ba, kar kuma wanda ya sake bi da tap, wato abin yanka zare, na milimita cikin ramin don kawai notin kasuwa ya shiga.

Wani abu da ya kamata masu irin wannan gado su ji, don ya fi maganar fil hatsari. Wancan 2½ da aka buga yana nufin ɗakin harsashinta milimita 65 ne, harsashin da ya fi yawa a kasuwa yau kuwa na 70 ne, inci 2¾. Zai shiga ya rufe lafiya lau, saboda tsawon ana auna shi ne bayan bakinsa ya buɗe, to a nan mutane ke ruɗuwa su ce ai ya shiga. Shiga daban, dacewa daban, in ya tashi bakinsa ba shi da isasshen wurin buɗewa, matsi ya ƙaru a cikin ƙarfen da ya tsufa kuma tsatsa ta riga ta ci. Wadda bututunta ke da zane kamar an murɗa igiya kuwa, wadda ake kira Damaskas, Baba ya ce a rataye ta a bango a dinga nuna wa jikoki har sai wanda ya sani ya auna ta. Tamu ma ya ga 'yan ramukan tsatsa a cikin bakin hagu, ya ce shi dai ba zai sa fuskarsa a bayanta ba. Na goge ta da man bindiga na gaske na kulle a akwati, takardarta kuma ina sabuntawa.

Roƙona gare ka Malam Edita guda ɗaya ne. Baba ya haura tamanin, idonsa na dama ya fara hazo, 'ya'yansa ɗaya direba ne ɗaya yana Italiya, babu wanda ya zauna ya koya, kuma nasan akwai irinsa a Nima da Sabon Zango na Ankara (Accra) da Tamale, tsofaffin da suka yi wannan aiki a kan doka suka koma zaure suna jan carbi. Ku turo wakilinku ya zauna da su ya rubuta da Hausa yadda za mu karanta, da hotuna, ko shafi ɗaya ne a wata. Na tambayi Baba ko zai yarda, ya ce in dai ba za a buga hotonsa ba kuma za a zo bayan la'asar, to bismilla. In wakilin ya iso tashar Kejetia ya hau tirotiron Tafo, wato ƙaramar motar haya, ni zan tare shi a tasha in kai shi har zauren.

Wassalam, na gode.

Mai karatunku kullum,
daga Aboabo, Kumasi.